Baƙon da Ya Zo Duba Ganuwa

Inna Hure tana tsinkar kuɓewa a gonar marigayi mijinta, sai ga baƙon da fada ta aiko ya duba ganuwar garinsu saboda mahara. Abin da ya faɗa wa manya shi zai sa a gyara ta ko a tashi garin. Siriri ne, rawaninsa ya koɗe, ga tabon kibiya a wuya.

"Inna, wuce gaba mu je ƙofar gari, da irin tafiyarki."

"Malam, ni fa ba ni da sauri."

"Shi nake son gani."

Yana biye da ita, ta tsaya hutawa ya tsaya. A ranta take cewa, bawan Allah nan an taɓa rufe ƙofa tsohuwarsa tana waje.