Izinin Baba Tambaya

Lukuman ɗan Nahuce ne, kuma shekara shida ke nan yana kula da rumbun bayanan wata ƙungiyar manoma a Gusau. Mutum ne marar hayaniya. Ko kwamfuta ta ɓata masa rai sai dai ya tsura mata ido ya ce Allah ya shirye ki.

Duk ranar Alhamis da azahar kwamfutar kan tattara sunayen manoman Bungudu da Tsafe da kanta, ta tura wa masu rabon taki. Ana nan sai ta ƙi. Mako uku tana maimaita magana ɗaya, wai ba ta da izini. Ga damina ta kawo kai, in sunayen nan ba su tafi wannan Alhamis ba, manoma ɗari huɗu sun rasa taki, har da mahaifin Lukuman.

Da ya bincika sai ya gano bakin zaren. Ashe tun farko da sunan Baba Tambaya aka saita aikin, tsohon magatakardan da ya yi ritaya ya koma Tsafe, aka rufe akawun ɗinsa na shiga kwamfutar. Gyaran bai fi na minti biyar ba.

Kuskuren Lukuman shi ne da ya tsaya yi wa shugabar ƙungiya, Hajiya Rakiya, bayani. Tana jin izinin Baba Tambaya ake nema sai ta riƙe baki. Ta ce dama ta faɗa, ba a sallami dattijon nan yadda ya kamata ba, ga shi har na'ura ta fi su sanin ya kamata. Ta hana a taɓa komai sai an je an roƙe shi. Lukuman ya yi bayani har muryarsa ta dushe, ina!

Haka ya hau mota zuwa Tsafe da ƙullin goro, yana jin kunyar kansa. Ya tarar da tsohon a zaure shi kaɗai yana gyaran fartanya. Ya durƙusa ya isar da saƙo, yana jiran a yi masa dariya. Baba Tambaya kuwa ya shiga gida ya sako babbar riga da hula, ya zauna ya gyara murya, ya ce ya yafe, kwamfuta ta ci gaba da aikinta.

Sai kuma ya riƙe hannun Lukuman. "Wata ukku ke nan ba wanda ya tambaye ni komi, ɗana."

Lukuman ya dawo ofis. Ya buɗe wa aikin sabon akawun, ya ba shi izinin da yake buƙata, sunaye suka tafi kafin la'asar. Hajiya ta zagaye ofis tana cewa kun gani ko.

Yanzu ko firinta ce ta cije, Tsafe ake tura shi. Yakan gyara ta a ɓoye tukuna, sannan ya sayi goro ya tafi.