Akwatin Shanya a Ɗakin Inna

Kaduna

Ranar Asabar, bayan sallar asuba, na kulle gidana a Unguwar Kanawa. Ba wanda ya raka ni. Tun rasuwar matata Binta bara, ni kaɗai nake fita, ni kaɗai nake dawowa. A tashar Kawo na samu gaban wata mota mai zuwa Zariya.

Ƙanen Binta ne ya bugo waya, ya ce tumatirin mahaifiyarsu, Inna, ya nuna gaba ɗaya, kasuwa ta faɗi, yana ruɓewa a kwanduna. Abin ya ɗaure mini kai. Kafin ta kwanta ciwo, Binta ta sa wani kafinta a Unguwar Shanu ya ƙera akwatin shanya, mai rufin gilashi da farantan raga a ciki, inda zafin rana ke busar da yankakken tumatir ba ƙasa ba ƙuda. Ita da kanta ta kai shi ƙauye.

Hanya

A shingen Jaji soja ya leƙo, ya ɗaga mana hannu. Direba ya dube ni ya ce, "Alhaji, rediyona ya mutu, kai ma ka yi gum. Da wa zan yi hira?" Na ce ina jin sa.

A Zariya na sha koko da ƙosai a tsaye, na hau motar Hunƙuyi, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Gefen titi ja wur da shanyar tumatir, awaki na bi ta kai.

Ƙauye

Bayan mun gaisa na ce, "Inna, ina akwatin nan?"

Ta kai ni ɗakinta. Yana gefen gado, an lulluɓe shi da zanen Binta, an jera kwanuka a kai.

"Kayan Binta ne, Malam. In fitar da shi rana ta ci?"

"Inna, ai don ranar aka yi shi."

"Haka ita ma ta ce. Har da faɗanta."

Warin kwandunan na shigowa daga tsakar gida. Can ta sauke kwanukan ɗaya-ɗaya, ta ce, "Ku ɗauka a hankali. Zanen dai ku bar mini."

Ni da ƙanen Binta muka girke shi inda inuwa ba ta kaiwa. Inna ta tsince masu kyau, ta yanka da hannunta. Da gilashin ya fara gumi, na buɗe kafofin iska yadda na ga Binta tana yi.

An share mini ɗakin da muke sauka ni da Binta. Na ce ina da uzuri a gari.

Gida

Na iso ana kiran magariba, na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na kunna fitilar falo da kaina.

Daga baya wani direban Kawo ya kawo mini ƙullin busasshen tumatir daga Inna, ja, ba tsakuwa ko ɗaya. Na yi miya da shi. Ta yi wa mutum ɗaya yawa, rabinta na cikin firji.