Inna da awakinta sun shiga aji

Jama'a, ku zo ku ji abin da na tarar a gidanmu yau!

Na je Rimaye gaida Inna. Ina shiga zaure sai na ji ana Turanci a garken awaki! Na leƙa. Wallahi Inna ce zaune kan turmi, da littafin 'yan firamare a hannu, tana bin layi da yatsa tana karanta wa awaki da ƙarfi!

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Kai ka san mi? Su ba su yi mani dariya in na yi kuskure."

Ashe tun da ta iya boko a ajin manya take wannan fama kullum, saboda Khalifa, ɗan Yaya Sani da aka haifa a Fatakwal. Yaron ba ya jin Hausa. In an kira waya sai dai su yi ta kallon juna.

Ta ce, "A ce ina da jika, ban taɓa tsokanar shi ba?"

Nan take na kira su. Inna ta karɓi wayar, ta daure, ta haɗa Turancinta a karkace ta ce masa, "Mijina, kai marowaci ne!"

Khalifa ya tuntsire da dariya har wayar ta faɗi!

Na ce, "To Inna, ga shi an yi maki dariya."

Ta share ido da bakin zane ta ce, "Rufe mani baki. Wannan ita nake nema."