Madubin da Kawu Fada Ya Rarraba Mana

Duk wanda ya taɓa gaida Fada Markus ya san ba ya amsawa sai ya ɗaga kai ya duba sama tukuna. Idan garau take, ya ce, "Lafiya lau." Idan da gajimare, ya ce, "Ina lafiya?" ya wuce abinsa. Ƙanin mahaifiyata ne, mutumin karkarar Malumfashi. Shi ne darektan ɗan ɗakin duban sararin samaniya da limaman Katolika suke da shi a saman gidansu na unguwar Ma'adi a Alƙahira. Fitilun Alƙahira sun daɗe da cinye taurari, sai ya koma duban rana. Kullum da hantsi ya haska ta a farar takarda, ya zana ɗigo-ɗigon da ke fuskarta.

Kun tuna farkon 2011, lokacin da 'yan sanda suka ɓace daga titi, samari suka ɗauki gadin unguwa. Wata rana na kai masa burodi, sai ga su sun hau bene da sanduna. Wai an hango igwa a saman gidan Nasara! Kalmomin Larabcin da nake da su suka gudu.

Babbansu ya nuna madubin hangen nesan, ya kira Kawu yadda ake kiran fada a nan, ya ce, "Abuna, wa kake aunawa da wannan?"

Kawu ya ce, "Rana."

"Rana?"

"Tun kafin a haife ka nake saita ta, har yau ba ta faɗo ba. Matsa, inuwarka ta hau min takarda."

Ba su sauka ba sai da ya sa suka share masa benen.

Ɗalibanmu na unguwar Hay el-Sabi', ku ma kuna da naku. Duk jajibirin azumi ku zo a jere, "Baba Fada, za a ga wata?" Ya ce, "Na san inda yake. Ganinsa kuwa aikinku ne, kada ku haɗa ni da malamanku." Sannan ya ba ku shayi da ganyen da ya shanya a ƙafar madubin tun shekaranjiya. Ɗayanku, Malam Sani, ya taɓa ɗaga kofin ya ce, "Baba, wannan ai ana iya alwala da shi." Kawu ya ce, "To yi, amma ka bar min saura."

A 2014 manyansa suka ce ya isa ritaya, za a rufe ɗakin, a sayar da madubin. Bai yi musu ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Mutumin da yake jayayya da direban tasi tun daga Ma'adi har kasuwar Ataba ya ce "tamam" kawai, wato ya yarda? A makon ya kira ni ya miƙo min wani abu mai nauyi a cikin safa.

"Yohanna, amana ce. Kada ka buɗe, kada ka faɗa. Na san ku 'yan rediyo, bakinku ba ƙyaure."

Ranar da mai saye ya zo, ya leƙa madubin, sai ya hango Kawu ta ɗaya bakin yana ɗaga masa hannu. Bututu ne zalla! Shugaban gidan, wani tsoho mai haƙuri, ya dafe kai ya ce, "Markus, ina kayan cikinsa?"

"Suna hannun mutanen kirki."

"Su wa?"

"Ka ce in huta. Na huta, har da tunawa."

Ciniki ya watse, bututun ya ci gaba da zama a benen. Sai wajen jana'izarsa a watan jiya muka gane junanmu: ashe kayan cikin madubin ya rarraba mana. Na fito da safata, Alhaji Mamman mai kai kaya Damagaram daga Ataba ya fito da tasa, Malam Sani ya ciro notuna daga gwangwanin madara. Kowa ya zaci shi kaɗai aka amince wa. Musulmi da Kirista muka tsaya a ƙofar coci, kowa da amanar mamaci a hannu, muna dariya hawaye na zuba.

To ga inda muke. Shugaban gidan ya ce idan muka haɗa madubin kafin bikin Ista, kuma muka riƙa zuwa duban rana bi da bi, zai bar ɗakin a buɗe. Idan ba haka ba, kamfanin waya yana son benen, bututun kuma ya tafi wurin 'yan gwangwan. Mun haɗa komai. Abu ɗaya ya rage, babban gilashin gaba, wanda in babu shi sauran tarkace ne. Na buga waya har na gaji. Wasu ɗaliban sun gama sun koma gida, wataƙila gilashin yana Gusau a ƙasan akwatin littattafai, mai shi yana riƙe da amana tsakaninsa da Allah, bai san an saki dokar ba. Don Allah ku tambayi 'yan uwanku. Faɗinsa kamar faifai ne, kuma kada a goge shi da riga.

Kawu, ka bar mu da zullumi, kuma na tabbata da gangan ka yi, don ba ka taɓa ganin mun taru haka ba. Ubangiji ya yafe maka taurin kanka, ya ba ka hutawa ta gaskiya, ya haska maka fuskarsa. Mu kuma ya nuna mana mai gilashin nan da wuri. Amin.