Jifan Marigayi Sukhen

Wata tsohuwa ce cikin farin sari irin na matan da mazansu suka rasu, ban santa ba, tana tsaye a filin mirgina ƙwallo na bayan gidanmu a Kolkata. Tana shafa ƙwallon kamar kan jariri, sai ta juya gefensa mai nauyi ta inda bai dace ba da gangan, ta saki. Yana tafiya luu cikin hasken la'asar, ya karkace, ya faɗa layin masu wasa na kusa da ita.

A kulob ɗin nan, mai wannan kuskure shi ke sayen shayin kowa.

Na leƙo ta katanga, na kira ta yadda muke kiran iyaye mata a nan: "Mashima, har da ni a shayin?"

Wani tsoho ya tuntsire da dariya: "Kai! Wannan ai jifan marigayi Sukhen ne!"

Ta lumshe ido tana murmushi. Ina jin mijinta ne. Sunan nan ta zo ji an sake kira.