Ɗauko Yaya Garba Daga Jebba a Taragon Haya

Daga gida zuwa Kano

Ana idar da sallar asuba maƙwabcinmu Malam Idi ya goya ni a kekensa, muka bi gefen kanal ɗin ban-ruwa zuwa Kura. A shekarun da sojoji ke tilasta wa mutane bin layi ne, tumatir ya nuna jawur tun daga Kadawa har Bunkure, nawa ma yana jiran tsinka. Amma wani direba ya zo mana da labarin cewa motar da yayana Garba ya bi da kwandunansa zuwa Ikko ta faɗi kusa da Jebba. Yana da rai, sai dai cinyarsa ta karye. Direban ya ce kada mu kuskura mu sa shi a mota, ramukan hanya za su ƙarasa shi. A jirgin ƙasa ne kaɗai zai iya kwanciya. Inna ba ta yi kuka a gabana ba. Cewa kawai ta yi, "Habu, ka dawo min da shi."

A Kura na hau akori-kura. A gadar Tamburawa aka sauke mu duka ana caje buhuna, ni kuwa sai duban rana nake tana ɗagawa.

Tashar jirgi ta Kano

Layi biyu na tarar. Ɗaya ya miƙe har bakin titi, ɗayan kuma gajere ne, gaban wata 'yar rumfa mai shuɗin fenti. Aka ce min wani attajiri ne ya yi hayar taragu biyu, ya gyara su, ya sa katifu a kujeru da fanka da randar ruwa, ana jona su a bayan jirgin Ikko. Da Kaduna ya fara, ya ƙara zuwa Minna, a watan nan kuma ya kai Ilori. Kuɗinsa ya kusa ninka na gwamnati, amma ban tsaya ciniki ba.

Mai kula da taragun, Malam Sabo, dogo ne mai fara'a, da usur rataye a wuya. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, ya dafa kafaɗata ya ce in Allah ya dawo da mu zai ware wa majinyacin doguwar kujera shi kaɗai.

An ce jirgi zai tashi kafin azahar. Sai bayan la'asar ya motsa. Da muka wuce Challawa muka doshi Madobi, na leƙa taga ina hango korayen gonaki ta wajen garinmu, zuciyata rabi a can rabi a Jebba.

Zariya, Kaduna, Minna

A Zariya na sayi shinkafa da wake ta sule biyar ta taga, na kasa cinyewa. Malam Sabo na ta kai da kawo yana ba fasinjoji labarin abin da Alhajinsa zai yi baɗi: taragun Jos, na Nguru, har na Fatakwal. Wata mai fataucin atamfa da ke gabana, Hajiya Ladi, ta bari ya gama sannan ta tambaye shi ko kan jirgin ma na Alhaji ne.

"Taragon dai namu ne, Hajiya," in ji shi. "Kan jirgi da layi na gwamnati ne."

Ta ce to, ta gyara mayafinta.

Bayan Kaduna muka yi ta tsayawa a daji ba tasha ba gari, wai ana jiran jirgin kaya ya wuce. Duk tsayawa sai na sauka na yi ta zagaye a kan tsakuwa, har wani dattijo ya ce in zauna, ƙafata ba za ta tura jirgi ba.

Jebba

Washegari da yamma muka haye gadar Kwara. Sarkin Hausawan garin ya sauke ni a zaurensa, ya sa aka kawo min tuwon dawa da miyar kifi, sannan ya raka ni wani ɗan ƙaramin asibiti da kansa. Na sami Yaya Garba an ɗaure masa ƙafa da katako, jikinsa zafi rau, leɓɓansa sun bushe. Yana buɗe ido ya gan ni, abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ka bar wa tumatirin?"

Likitan ya ja ni gefe. Ya ce ƙashin ya huda fata, su ba su da kayan aikin. In ban kai shi asibitin ƙashi na Kano da wuri ba, ƙafar ce za a cire. Ban faɗa wa Yaya ba.

Safiya biyu muna ɗaukarsa a kan ƙyauren ƙofa zuwa tasha, muna mayar da shi. Kullum amsar ɗaya ce: kan jirgi ya lalace a kudu, ana gyara. Na fara jin warin ciwon ko daga nesa. A rana ta uku jirgin ya shigo, da taragon haya ɗaya tal a bayansa. Ɗayan an baro shi Ilori, birkinsa ya mutu. Malam Sabo ya rame a 'yan kwanakin nan, amma ya cika alkawari. Ya tashi mutum biyu, muka kwantar da Yaya.

Minna

Tun kafin mu shiga Minna muke jin ƙauri. Jirgi na tsayawa ma'aikata suka taru a ƙarƙashin taragonmu, hayaƙi na fita daga ƙafarsa. Suka ce dole a cire shi. Malam Sabo ya bi su har ofis yana roƙo, ya dawo ya ce babu kayan gyara ko na taragun gwamnati, balle na haya. Fasinjoji suka yi masa caa, kowa na faɗin kuɗin da ya biya. Yana ba da haƙuri, idonsa na kan Yaya Garba.

Ya shiga ya ɓalle katifar kujerar gaba ɗaya da Yaya a kai, muka kama mu huɗu muka nufi taragun gaba. Ko'ina a cike, mutane har kan matakala, wasu a kan buhunan doya. Babu ta inda za a bi ƙofa. Malam Sabo ya tsaya a wata taga ya ɗaga murya ya ce ga mai karaya, ana so a ceci ƙafarsa. Sai wata mata mai goyo, ba ta ma jin Hausa sosai, ta miƙe daga kujerarta, na kusa da ita su ma suka miƙe. Hannaye suka fito ta taga suka karɓi katifar a hankali. Yaya ya cije hularsa, bai yi ƙara ba.

Ni ma ta tagar aka jawo ni. Na ce wa Malam Sabo ya hau, ya girgiza kai; in ya bar taragon, kafin gobe babu fanka babu kujera.

"Ku tafi da katifar," ya ce. "In Alhaji ya tambaya, ni zan amsa."

Jirgi ya ja. Na bar shi tsaye a gefen taragonsa, shi kaɗai.

Kano, sannan gida

Mutum biyar ne suka bar wa Yaya wuri. Mai goyon a tsaye ta kai Kaduna, inda ta sauka. Sauran har Kano suna jingine da juna, suna karɓa-karɓar yi masa fifita da kwali. Da hantsi muka iso, na ɗauki tasi kai tsaye zuwa asibitin ƙashi. Bayan sun duba, suka ce za a yi aiki amma ba za a yanke ba. A nan na zauna a ƙasa, na yi hamdala.

Da magariba na isa gida. Inna na bakin murhu, ta dubi bayana ba ta ga kowa ba, ludayin ya faɗi daga hannunta. Na yi sauri na ce yana Kano, da ƙafafunsa biyu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Sarkin Hausawan Jebba, da Malam Sabo, wanda ban sake gani ba, don kafin damina kamfanin nasu ya tsaya. Su kuwa mutum biyar ɗin nan, har yau in na rufe ido ina ganin fuskokinsu, amma ban tambayi sunan ko ɗaya ba. Allah ya san su, shi zai biya su.