Ranar da dara ta haɗa ni da surukina

Shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Nasara, bayan an kai gero rumbu, 'yan dara na Azarori da Urno da Babankatami suka sa ranar gwada hannu a kasuwar Madawa. An haƙa gurabu a gindin wani gawo, wanda aka cinye ya tashi. Ni ne na Azarori, ina da shekara talatin da zafin hannu.

Kafin la'asar na tayar da mutum uku. Na huɗu da ya zauna gabana sai ga shi surukina ne, uban matata, mutumin Urno. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na yunƙura zan tashi.

Ya ce, "Zamna, ɗana. Dara ba ta san suruki ba."

Kowa ya san wasansa. Ba ya gaggawar jera uku ya ci. Tun wajen zuba 'ya'ya, duk inda ka sa tsinke sai ya dasa dutse kusa da shi, ya toshe ka, ya jira ka gaji ka buɗe gidanka da kanka. Samari na yi masa dariya, amma shekara da shekaru ba a cinye shi ba.

Muna tsaka da wasa na lura yana laluben gurbi da yatsa kafin ya aje dutse. Idonsa ya fara tafiya, bai gaya wa kowa ba. Can ya matsar da dutsen da ke tsare masa gefe, hanya ta buɗe mini. Na gani, na kau da kai, na taɓa wani tsinken daban.

Ya bi gurabun da yatsa. Sannan ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Mi kake yi haka? Maida shi. In ka ji tausaina gaban mutane, ka gama da ni."

Na mayar, na ci dutsensa. Bai saki ba, sai da ya wahalar da ni har rana ta yi ja kafin na cinye shi.

Ya kakkaɓe rigarsa, ya ce in raka shi bakin hanyar Urno. Muna fita daga kasuwa ya ɗora hannu a kafaɗata, muka tafi a hankali, yana tambayata ko wake ya yi bana.